An Ɗauki Amshi an Bar Waƙa: Narambaɗa a Hannun Masu DJ

Bikin ƙanwar wani abokina ne ya kai ni Ƙaura Namoda a bara. Da yake yanzu ba mai son duhu ya riske shi a hanyar Shinkafi ko ta Zurmi, tun bayan azahar aka fara shagali, domin baƙi su koma gida da sauran rana. Mai DJ ya kafa lasifikokinsa a ƙarƙashin rumfa yana ta sakin waƙoƙin da kowa ya sani, su Ado Gwanja da su Hamisu Breaker, mutane na shiga fili suna fita ba wani ɗoki. Can sai wani kiɗa mai nauyi ya taso, irin na amapiano da ke girgiza ƙirji, kuma a kansa wata tsohuwar murya da na sani tun ina yaro a rediyon mahaifina. Ibrahim Narambaɗa ne. An ƙara masa sauri, an ɗaga muryar ta yi siriri, an yanko layi biyu kacal ana ta maimaita su. Kafin a ce kwabo fili ya cika da samari da ƴammata.

Kusa da ni akwai kawun amarya, dattijon da ya zo daga Shinkafi. Ya saurara na ɗan lokaci, sannan ya juyo.

"Ɗana, wanga ba Narambaɗa na ba?"

"Shi ne, Kawu."

"To ina kotson? Kuma wa yak koro shi, shina gudu haka?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Da aka tashi na je wurin mai DJ ɗin, saurayi da bai fi shekara ashirin da biyu ba, wanda iyayensa suka taso daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi suka dawo Ƙaura saboda ƴan bindiga. Na tambaye shi waƙar wa ya sa. Ya ce, "Ta Ɗanƙwairo ce, Yaya." Na ce a ina ya samo ta. Ya ce wurin masu tura waƙa a kasuwa, a cikin memori, kuma abin da aka rubuta a kanta shi ne "tsohuwar waƙa" da wata lamba. Shi ne ya ɗora mata kiɗan da kansa a kwamfuta, ya kwana biyu yana aikin.

Tun daga ranar nake bibiyar wannan abin da yara ke kira rimiks, wato a ɗauko waƙar da aka riga aka yi, a warware ta, a sake mata zubi da kiɗan na'ura. Nake kuma bibiyar yadda ake karɓarsa, a wurin biki da TikTok da zaurukan WhatsApp na ƴan garinmu. Mutane sun kasu biyu, kuma kowane ɓangare ya haddace maganarsa. Manya na cewa cin mutunci ne, an mayar da makaɗin fada ɗan gala. Yara na cewa ba domin mu ba wa zai ji shi? Ra'ayina shi ne yaran suna da gaskiya fiye da yadda manya ke son amincewa, amma gardamar gaba ɗaya ta sauka a wurin da bai dace ba. Ana ta faɗa a kan kiɗan da aka ƙara, alhali ɓarnar tana wurin abin da aka cire, kuma mafi yawan laifin ba na mai DJ ba ne.

Bari in fara da raba manya da wata hujja da suke ji da ita, cewa waƙar gargajiya abu ce tsayayya da ba a taɓa ta. Ba ta taɓa zama haka ba. Makaɗin baka ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Yau ya ƙara sunan wanda ya yi masa kyauta, gobe ya cire na wanda ya saɓa masa, jibi ya jawo wani zance daga wata waƙar ya dasa. Duk wanda ya saurari Bakandamiyar Mamman Shata a ɗauka daban-daban ya san haka. Musa Ɗanƙwairo a cikin ƙungiyar mahaifinsa da ta yayansa Abdu Kurna ya tashi kafin ya zama jagora, kuma bayan rasuwarsa a 1991 zuriyarsa suka ci gaba da rera waƙoƙinsa da muryoyinsu. Abin da muke kira "asalin waƙa" ɗauka guda ce da na'ura ta kama a wata rana, ta daskarar da ita.

Haɗa karin gargajiya da na'urar lantarki ma ba jiya aka fara ba. A 1978 Mamman Sani ya shiga gidan rediyon Nijar a Yamai ya naɗi kare-karen gargajiya na ƙasar da wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya. Shekaru ana jin kiɗan tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013, duniya ta yi ta mamaki. A Kano kuwa, tun ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyin waƙar fim ke kwaikwayon amon kalangu da sarewa da fiyanon Yamaha, kuma a lokacin ma an ce sun kashe gargajiya. Waɗanda suka yi rawa da waƙoƙin fim ɗin Sangaya suna samari, su ne yau ke ɓata rai a wurin biki. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sassauta murya.

To amma tambayar Kawu tana nan: ina kotson?

Sai an san yadda ake aikin za a gane nauyin tambayar. Mai rimiks yana ɗaukar waƙar ya zuba ta a manhaja irin FL Studio. Yanzu akwai manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke tsame murya daga cikin kiɗa, su zubar da sauran. Daga nan sai ya jera muryar a kan ma'aunin na'ura, wanda bugu huɗu-huɗu ne daidai wa daida, ba ya jinkiri ba ya gaggawa. Inda muryar ta ƙi hawa, a ja ta ko a matse ta. Inda ta yi tsawo, a datse.

Kotso kuwa ba ma'aunin lokaci ba ne kawai. Ganga ce mai fuska ɗaya da ake ratayawa a kafaɗa a kaɗa da hannu, ana matsa tsarkiyarta ana saki domin amon ya hau ya sauka. Hausa harshe ne mai karin sauti, saboda haka gangar da ke hawa da sauka tana iya faɗin magana, ta yi take, ta yi kirari, kuma wanda ya tashi a gidan sarauta yana jin abin da take faɗa. A waƙar Narambaɗa mutum uku ke zance: jagora, ƴan amshi, da kotso. Manhajar da ta tsame murya ta zubar da kiɗa ta kori ɗaya daga cikin masu maganar ke nan, tana zaton hayaniya ce. Kuma jagora ba ya bin ma'aunin agogo. Yakan ja numfashi, ya jinkirta, ya bar ƴan amshi su ƙarasa masa zancen da ya faro, su kuma su miƙa masa. Wannan jinkirin shi ne ƙasaitar. Sarki ba ya sauri, waƙarsa ma haka. Da Kawu ya ce an koro Narambaɗa yana gudu, sharhi ya yi wanda ya fi na jaridu da yawa.

Duk da haka, da a nan ɓarnar ta tsaya da na ce a bar yara su yi rawarsu. Babbar asarar tana wurin kalmomi. Masana waƙar baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun saba raba waƙa zuwa gindi da ɗiya. Gindi shi ne layin da ake komawa gare shi, wanda ƴan amshi ke riƙewa. Ɗiya su ne saɗarun da jagora ke zubawa tsakanin amshi da amshi. Mai rimiks amshi yake nema, domin shi ke maimaituwa, shi ke kama kunne, shi ya dace da bidiyon daƙiƙa talatin. Amma amshi ƙofa ce kawai. A cikin ɗiya ne ake samun salsalar sarki, da zambon da aka yi wa ɗan sarkin da ya nemi gadon bai samu ba, da habaici, da hikimar da ta sa malaman jami'a ke rubuta littattafai a kan mutumin da bai shiga aji ba, kamar littafin Farfesa Aliyu Muhammad Bunza mai suna Narambaɗa. A cikin ɗiya ne kuma ake samun sunayen garuruwa.

A nan ne abin ya daina zama zancen ɗanɗano a wurina. Narambaɗa ɗan Tubali ne, a ƙasar Shinkafi ta yau. Mahaifiyarsa ƴar Badarawa ce, kuma ta wajenta ya gaji kotso. Ya yi zamaninsa yana makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, ya rasu a farkon shekarun 1960. Duniyar da ke cikin waƙoƙinsa ita ce wannan tsirin ƙasa daga Isa zuwa Shinkafi zuwa Ƙaura zuwa Zurmi: fadamu, dawaki, alƙalai, hakimai, kasuwanni. Amali Sububu, mawaƙin manoma, sunan garinsa yake ɗauke da shi. Tambayi yaro ɗan shekara goma sha biyar a Kano ko Abuja mene ne Sububu, zai ce daji ne na ƴan bindiga, domin a labarai kaɗai ya taɓa jin sunan. Haka Tubali, haka Badarawa, haka ƙauyukan Zurmi da yawa. Sunayen da a da ake ambata domin yawan dame ko kyawun doki, yanzu ana ambatonsu da adadin waɗanda aka kashe ko aka sace. Waɗannan waƙoƙi na daga cikin ƴan shaidun da suka rage cewa wuraren nan sun taɓa zama wani abu dabam. Saurayin da ya sa waƙar a bikin nan, wanda aka raba iyayensa da gonarsu, ya yanke daidai sashen da zai gaya masa ko shi wane ne, ba tare da ya san yana ciki ba.

Akwai kuma wani haɗari da ya kamata a faɗe shi a fili. Zurmi ta haifi Kassu Zurmi, wanda ya shahara da waƙoƙin ƴan tauri da mafarauta har da na ɓarayi. A cikin cikakkiyar waƙa irin tasa akwai mahallin da mai sauraro ke gane inda aka dosa: wasan maza, raha, tsoratarwa, da al'ummar da ta san iyakar abin. Yanko kirarin jarumta guda daga irin wannan waƙa, ka ɗora masa kiɗa mai nauyi, ka sake shi a ƙasar da ƴan bindiga ke da shafuka a TikTok suna baje kuɗin fansa, kuma waƙar yabon Bello Turji ta taɓa zagaye wayoyi, ka ga abin da zai zama. Layin bai canza ba, amma wanda yake yi wa aiki ya canza. Mai rimiks da ke zaune a wannan yanki ba zai ce bai san da haka ba.

Domin a ga inda namu ya bambanta, yana da kyau a leƙa wurin da wannan al'ada ta daɗe. A Amurka akwai ƙungiyar Nine Inch Nails, wadda Trent Reznor ya kafa a birnin Cleveland a 1988. Salonsu shi ne kiɗan rok da aka cakuɗa da ƙarar injuna da ƙarafa kamar a masana'anta, abin da kunnen Bahaushe zai iya ɗauka faɗan maƙera ne. Reznor na cikin mawaƙan da suka fi rungumar rimiks. Bayan kundinsa The Downward Spiral na 1994, ya fitar da Further Down the Spiral a 1995, inda wasu masu kiɗan na'ura suka warware waƙoƙin suka sake gina su, kuma masoya suka saye shi sosai. Wani kundin irinsa na shekarar 2000, Things Falling Apart, ya sha suka. Su ma masoyansa sun rabu, wasu na ganin sabon zubin ya fi na farko, wasu na ganin an lalata musu abin da suke ƙauna. Gardamarsu da tamu kamar an tsaga kara.

Bambancin yana wurin abin da Reznor ya yi da hannunsa. A 2005 ya saki waƙarsa "The Hand That Feeds" a warware, murya dabam, ganga dabam, jita dabam, ya ce kowa ya ɗauka ya gwada. A 2007 ya buɗe shafi na musamman inda masoya ke ɗora nasu zubin. A 2008 ya fitar da Ghosts I–IV, kiɗa 36, da lasisin da ya halatta wa mutane su sarrafa su matuƙar ba don kasuwanci ba kuma sun ambaci mai shi. Shekara goma bayan haka wani matashi a ƙasar Holan da ake kira YoungKio ya yanko ɗan amo daga ɗaya daga cikinsu ya yi kiɗa, Lil Nas X ya saya a dala 30 ya hau kansa da "Old Town Road". Waƙar ta yi mako 19 a saman jadawalin Billboard a 2019. Da ta zama ta kasuwa, aka koma aka daidaita, aka sa sunan Reznor da abokin aikinsa Atticus Ross cikin marubutanta.

Wannan matashi na Holan da saurayinmu na Ƙaura abu ɗaya suka yi: sun tsinci amon da ya burge su, sun gina wani abu a kai. Amma a can asalin yana ajiye, da sunansa da shekararsa, duk mai so zai same shi cikin daƙiƙa, kuma mai shi yana raye yana iya cewa na yarda ko ban yarda ba. Masoyin da ya ƙi sabon zubin sai ya koma ga tsohon. Rimiks a irin wannan wuri sharhi ne a gefen littafi. A wurinmu littafin ne ya ɓace, sharhin ya zauna a gurbinsa. Yaron da ya ji layi biyun nan a biki ba shi da inda zai je ya ji sauran da sunan mai su daidai. Abin da ke yawo a memori da YouTube kwafin kwafin kaset ne, an matse shi har kotso ya koma kamar ana buga kwali, sau da yawa da sunan wani makaɗin dabam a kai. Ko mai DJ ɗin ya so ya bar kotson, babu kotson kirki da zai bari.

Shi ya sa na ce laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ɗaukar waɗannan makaɗa gidajen rediyo ne suka yi mafi yawanta, irin su Rediyon Najeriya Kaduna da Rima Radio ta Sakkwato, sai kamfanonin faifai da masu bincike na jami'o'i. Jihar Zamfara, wadda aka ƙirƙira a 1996, ita ce mahaifar Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu, taron da kowace ƙasa za ta yi alfahari da shi. Aikin da ke gaban waɗannan hukumomi ba mai tsada ba ne idan aka gwada da abin da ake kashewa a bikin rantsarwa guda: a nemo mafi kyawun ɗaukar kowace waƙa, a juye ta a na'ura da inganci, a rubuta sunan makaɗi da wanda aka yi wa da lokacin da aka ɗauka, a rubuta matanin da fassarar kalmomin Gobirci da Zamfarci da suka fara ɓacewa, a ɗora inda kowa zai samu. Kaset ba ya jira. Zafi da ƙura da damina suna cin sa ko ana taro a kansa ko ba a yi.

Sai zancen magada. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ta kuma tanadi haƙƙin a ambaci sunansa da haƙƙin ƙin a yi wa aikinsa illar da za ta zubar masa da daraja. Bisa wannan lissafi waƙoƙin Narambaɗa ba su fita daga kariya ba sai farkon shekarun 2030, na Ɗanƙwairo kuwa sai 2061. Ba na kiran a kai yaron Ƙaura kotu. Abin da yake samu a biki bai wuce na man janareto da ɗan abin kai wa gida ba, a yankin da aka taɓa rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a Satumbar 2021, sana'a irin tasa ta tsaya cik. Amma akwai manyan mawaƙa da masu shafuka da ke samun kuɗi na gaske da muryoyin mamatan nan, kuma su ya kamata a tambaya nawa ya isa Tubali ko Maradun.

Abin da nake nema wurin masu DJ kaɗan ne, kuma ba ya cin ko sisi. Sukan buga sunansu a kan waƙa sau biyar kafin ta ƙare. Su ba mai muryar sau ɗaya, kuma su tabbatar sunansa ne. Su saurari waƙar daga farko har ƙarshe kafin su sa almakashi, domin su san abin da suke yankewa da wanda suke miƙa wa. In sun ɗora a intanet, su haɗa da inda za a ji cikakkiyar. Kuma wanda ke ji da gwanintarsa ya gwada abu mai wuya: ya bar kotson a ciki, ya sa na'ura ta bi Narambaɗa maimakon a tilasta wa Narambaɗa bin na'ura. Wanda ya fara iya wannan zai yi abin da ba a yi ba, kuma ina zaton har Kawu zai tsaya ya ji, ko da ba zai furta ba.

Kafin in bar Ƙaura na karɓi lambar saurayin. Da na koma gida na tura masa mafi tsabtar kwafin waƙar da nake da shi, mai tsawon kusan minti goma sha biyu, na rubuta masa sunan mai ita da na sarkin da aka yi wa. Kwana biyu bai ce komai ba. A na uku ya aiko da saƙon murya. Ya ce ya ji ta sau huɗu, tana da sanyi, ba za ta yi rawa ba, amma akwai wata kalma a wajen minti na bakwai da bai gane ba, mece ce ma'anarta? Na mayar da waƙar wurin na saurara har sau uku. Ni ma ban san ta ba, duk da digirina. Na nemi lambar Kawu wurin abokina na kira Shinkafi. Ranar layin bai shiga ba.